Rowar Sanina Ce Ta Ci Hannun Mahauci

Malam Edita, ina gaishe ka da abokan aikinka, Allah ya ƙara muku basira. Ni yanzu tsoho ne, ido ya yi rauni, takardar nan ma sai da na yi sati ina jan ta kaɗan-kaɗan. Amma labarin da zan bayar ba na tsoho ba ne. Na wani saurayi ne ɗan shekara ashirin da bakwai, mai farar riga da takalmin fata, wanda in ya ratso kasuwar Matamaye yana taku sai ka rantse ubansa ne ya sari garin. Ni ne saurayin nan. A shekarun alif ɗari tara da hamsin da ƴan kai, tun Faransa na mulki, ni ne majo a ƙaramin asibitin garin, wato babban ma'aikacin jinya. Da yake babu likita zaunanne a wurin, duk wanda ya yanke, ko ya karye, ko maruru ya nuna a jikinsa, hannuna yake faɗowa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, akwai wani bawan Allah da aka yanke wa hannun hagu saboda mugun halina, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai san haka ba. Ba zan kama sunan kowa ba, don waɗanda abin ya shafa duk sun riga ni, kuma jikokinsu na nan da rai.

Sai na fara daga gida, don a can ciwon ya samo asali. Mu wanzamai ne gaba da baya. Tun ina ƙarami nake riƙa wa mahaifina zabira, na ga aski, na ga ƙaho, na ga cire beli, na ga kaciya. Mahaifina yana da mutum biyu ko uku da ke koyon sana'a a hannunsa, magidanta ne ma, ba jininmu ba. Na lura da wani abu da yake yi kullum. Duk sa'ad da aiki ya kai inda gwanintar take, kamar wurin tsayar da jini, sai ya waiga ya aiki mai koyon, ya ce je ka kawo toka, ko je ka ga ko an ɗaure jakin nan. Kafin mutum ya dawo an gama. Wata rana na tambaye shi dalili, ya yi dariya ya ce haka ubansa ya yi, haka kakansa ya yi. Ya ce wanda ba ɗanka ba ka koya masa aski da ƙaho ya ishe shi, sauran ka adana wa naka, in ba haka ba wata rana za ka tashi ka tarar ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanka yana karɓe maka mutane. Ban ga laifinsa ba a lokacin, yanzu ma ina yi masa addu'a, Allah ya ji ƙansa. Abin da ya gada ke nan, ni kuma na haɗiye maganar ba tare da na tauna ba.

Lakwal kuwa, wato makarantar boko, ba da son gidanmu na shiga ba, kama ni aka yi, mahaifiyata ta yi kuka kamar an kai ni yanka. Da na gama aka tura ni koyon jinya, daga nan na faɗa Damagaram ƙarƙashin wani likita baƙar fata da ya yi karatunsa a Dakar, gwanin fiɗa ne na gaske. Muna ce masa Lokotoro kawai. Mutum ne gajere, maras yawan fara'a, in ya ga ƙumbarka da datti zai kore ka daga ɗaki ko da kai ɗan wane ne. Amma wallahi ban taɓa ganin mai sakin hannu da sani irinsa ba. In yana aiki bakinsa ba ya shiru, yana faɗin abin da yake gani da abin da zai yi da dalilin yin sa. In ka tsaya a baya don kunya sai ya jawo ka da gwiwar hannu ya ce ka matso, ba a koyon fiɗa daga bakin ƙofa. Shi ya koya mini kama jijiyar jini in ta tsinke. Ya nuna mini cewa jijiyar ba ta tsayawa inda wuƙa ta same ta, janyewa take yi ta shige cikin nama, saboda haka duk laluben da za ka yi a bakin rauni aikin banza ne. Sai ka ƙara tsaga raunin kaɗan ta wajen sama, ka buɗa naman, ka sa wani ya sassauta robar da aka ɗaure hannu da ita, wadda muke kira garo, ka ga inda jinin ke tsartuwa, ka cafke da pens, wato hantsakin fiɗa, ka ƙulle da zare, sannan ka nemo ɗaya bakin shi ma ka ƙulle. Sau uku ya ɗora hannunsa a kan nawa muka yi tare, a na huɗu ya harɗe hannuwa ya tsaya yana kallo. Bai karɓi ko goro a wurina ba.

Shi ne ya sa baki aka ba ni Matamaye. Lokacin gyaɗa na tashe, gari ya cika da ƴan kasuwa da masu dako da kamyo-kamyo, wato manyan motocin kaya, rauni kuwa ba a magana. Wannan lauje ya sare shi, wancan buhu ya danne shi, wani sa ya soke shi. Ban yi shekara ba sunana ya kai Tsauni da Dawce da Kurni. Mutane suka riƙa cewa ai Majo abu biyu ya haɗa, asirin gidan wanzamai da karatun Nasara, in ya dubi jini sai jinin ya ji kunya ya tsaya. Ni na san ƙarya ne, pens ne da zare da abin da aka koya mini a fili. Amma kai, maganar tana yi mini daɗi! Ban taɓa ƙaryata ta ba. In tsohuwa ta ce in tofa mata a rauni kafin in ɗinke, sai in yi murmushi in motsa leɓe. Kaina ya kumbura har na fara ganin garin nan in babu ni sai dai a tashi.

Ana nan aka turo mini mataimaki. Tsohon soja ne mutumin Tsauni, ya girme ni da wajen shekara goma, a wurin yaƙi aikinsa ɗaukar waɗanda aka harba. Kowa Soja yake ce masa, ni ma haka zan kira shi. Dogo ne, mai sanyin magana, yana ɗan ɗingishi. Karatunsa bai kai nawa ba ko kusa, Faransancinsa na bariki ne, in ya yi sai in riƙa gyara masa a gaban mutane don su ji. Amma hannunsa, tabarkalla. Ba ya rawa, ba ya gaggawa, ba ya ƙyamar komai. In ya yi wa yaro allura sai an gama yaron yake tuna kuka. Ba a jima ba mata suka fara cewa in Majo na da aiki a bar Soja ya duba su, ba komai. Wannan “ba komai” ɗin ta tsaya mini a rai. Sai kuma Lokotoro ya zo zagayen da yakan yi mana sau biyu a shekara, ya tsaya ya kalli Soja yana wanke wani gyambo, ya daɗe yana kallo. Da zai shiga mota ya ja ni gefe ya ce mutumin nan yana da hannu, in koya masa duk abin da na sani, musamman kama jijiya, tun da ni ana yawan aika ni ƙauye. Ya ƙara da cewa ana maganar za a ɗauki mutum ɗaya daga yankinmu a kai shi ƙarin karatun fiɗa, kuma shi zai ba da suna. Na ce to, insha Allahu. A zuciyata kuwa na ce ashe an zo ƙofar gidan nawa da tabarma.

Ban taɓa ce wa Soja ba zan koya masa ba. Ina, ai na fi haka wayo. Na koya masa ɗinki, na koya masa tsaga maruru, na koya masa ɗaurin karaya, har ina yabonsa a gaban jama'a. Amma duk ranar da aka kawo mai tsinkakkiyar jijiya, sai in bar shi ya ɗaura garo, ya wanke wurin, ya jera mini kayan aiki, da na ɗauki aska sai in taɓa kwano in ce ruwan nan ya huce, ya je ya ɗora wani. Murhun a bayan ɗaki yake. Garon kuwa sai in sa ɗan'uwan majinyaci ya sassauta mini, wanda ya kawar da kai don tsoron jini. In ruwan bai yiwu ba sai in ce zaren nan ba shi nake so ba, ya duba cikin akwati a ɗakin magani. In duk dabara ta ƙare sai in juya masa baya, faɗin kafaɗata ya rufe komai. A shekara biyu na kama jijiya ta fi a ƙirga da yatsun hannu, Soja bai ga ko ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba. Kuma ya gane. Mutumin da ya ga yaƙi ba ya rasa gane irin wannan. Rannan muna wanke hannu ya ce, cikin ladabi, da zan yarda ya tafasa ruwa tulu guda tun da safe ya ajiye, don ya samu ya tsaya ya ga yadda nake yi. Na ji kunya, kunyar kuma ta juye ta zama fushi. Na ce masa aikin nan ba harbin bindiga ba ne da ake koya a sati, akwai sunayen jijiyoyi da sai ya haddace da Faransanci tukuna, ya yi haƙuri lokaci na zuwa. Ya ce to Majo, Allah ya kai mu. Bai sake tayar da maganar ba.

Da damina ta yi tsaka, takarda ta zo daga kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, cewa an ji ƙishin-ƙishin agana a wasu ƙauyuka na wajen Kurni, in je in duba in yi wa mutane lamba. Tafiyar kwana uku ce a kan doki. Da safe ina ɗaura kaya Soja ya riƙe mini linzami, ya tambaye ni abin da zai yi in aka kawo mai zubar jini alhali gobe kasuwa. Har yau ina jin muryata a kunnena. Na ce ya ɗaura garo ya aika a kira ni, kwana uku dai duniya ba za ta tashi ba. Na hau na tafi ina jin daɗin yadda ya tsaya yana kallona, don a ganina haka ya kamata mataimaki ya tsaya.

Abin da ya faru washegari daga bakin Soja na ji shi, da bakin waɗanda suka gani. Akwai wani mahauci a garin, magidanci mai mata da ƴaƴa biyar, ƙaƙƙarfa, mai barkwanci, kowa na son sayen nama a wurinsa don ba ya tauye tsoka. Da hantsi yana ɓamɓare nama daga ƙafar sa, ya riƙe ƙafar da hagu, wuƙa ta zame ta shige cikin hannun nasa ƙasa da gwiwa kaɗan. Jini ya yi tsartuwa har kan rumfa. Abokan sana'arsa suka naɗe hannun da rawani suka kwaso shi a guje. Soja ya ɗaura garo a dantse, jini ya tsaya, ya tura mai doki Kurni nan take. Sai dai ni na riga na bar Kurni na shiga rugagen Fulani, ɗan aiken ya yi ta bin sawuna yana kuskure ni. Soja bai zauna jira ba. Ya ɗauki pens ya yi ta lalube a bakin raunin, inda ido ke gani, inda jijiyar ba ta nan. Ya cusa ƙyalle ya danne, ya sassauta garo, jini ya ɓalle. Ya sake, ya sake, har mahaucin ya suma sau biyu, leɓensa ya yi fari. Soja ya gaya mini cewa ya riƙe aska a hannunsa, zuciyarsa na ce masa ya ƙara tsagawa, amma bai san ta ina ba, ya ji tsoron kada ya yanke abin da zai kashe mutum. Tsakaninsa da jijiyar nan bai fi faɗin yatsa biyu ba.

Da ya ga la'asar ta yi babu labarina, sai ya roƙi wani Alhaji ɗan kasuwar Damagaram da kamyonsa zai koma bayan cin kasuwa, aka shimfiɗa mahaucin a kan buhuna, Soja ya hau tare da shi. A rani tafiyar ba ta wuce rabin yini. Amma sun wuce Kance kaɗan sama ta ɓalle, korama ta kawo, kamyo ya nutse har gindi. A nan suka kwana. Duk sa'ad da Soja ya gwada sassauta garon jini sai ya dawo, ga mutum ba sauran jini a jikinsa, dole ya mayar ya ɗaure. Ya zaɓi ran, ya bar hannun, kuma ko ni ne a wurin da irin sanin da yake da shi abin da zan zaɓa ke nan. Sai azahar ta washegari suka shiga Damagaram. Hannun ya yi sanyi, ya yi baƙi, yatsun ba sa jin tsini. Lokotoro da kansa ya yanke shi a sama da gwiwa.

Ni kuwa ɗan aike bai same ni ba sai a rana ta biyu. Na iso gida na tarar da ɗakin aiki yadda aka bar shi, ƙyallaye jiƙe da jini cikin kwano, pens uku a ƙasa. Da na ji inda wuƙar ta shiga, na gane aiki ne da nake gamawa kafin a sha shayi zagaye ɗaya. Kwana biyar bayan haka Lokotoro ya zo da Soja a motarsa. Ya zauna a kujerata, ya sa mu biyu muka tsaya a gabansa, ya tambayi Soja cikin natsuwa me ya hana shi bin jijiyar sama kamar yadda Majo ya koya masa. Na sunkuyar da kai ina jiran asirina ya tonu. Sai na ji Soja ya ce Majo ya nuna masa, shi ne kansa ya ɗaure da ya ga jini da yawa, ya manta. Tsohon soja, wanda ya kwashi mutane da hanjinsu a waje, wai ya ga jini ya rikice. Ya faɗi haka don ya rufa mini asiri, don a tarbiyyarsa ba a kunyata na gaba da kai a gaban nasa na gaban. Ni kuma, Allah ya yafe mini, na bar shi ya ɗauki laifin.

Lokotoro ba yaro ba ne. Ya miƙa wa Soja pens da zare da guntun tiyo na roba, ya ce ya nuna masa abin da aka koya masa ɗin, ko da rabi ne. Soja ya riƙe su yana juyawa. Ko yadda ake zagaya zare a bayan pens bai sani ba. Lokotoro ya ce ya je ya huta, ya gode masa da ya kawo mutumin da rai. Da muka rage mu biyu na ɗauka zai yi mini tsawa irin wadda ya saba, har na fi son haka. Bai yi ba. Ya tambaye ni sau nawa na kama jijiya tun zuwan Soja, na faɗa. Ya tambaye ni ina Soja yake tsayawa a lokutan, na ce yana wajen murhu. Ya dubi taga, sannan ya ce: “Abin da na ba ka ba nawa ba ne, balle ya zama naka. Na ba ka ne don mutanen garin nan, kai kuma ka sa shi a aljihu ka hau doki da shi.” Ya ce ba zai rubuta ni wurin kumandan ba, don takarda ba ta mayar da hannu, kuma laifin da nasa a ciki tun da ya ba da umarni bai dawo ya gwada ba. Amma sunana ba zai shiga maganar ƙarin karatu ba, ba don hannuna bai iya ba, sai don ba ya ƙara wa mai ɓoyewa abin ɓoyo. Ban yi musu ba, kuma har yau ban ga zalunci a hukuncin nan ba.

Washegari na sa aka sayo mini ƙafar akuya ta gaba da fatarta, na kira Soja na rufe ƙofa. Na fara da neman gafararsa. Ya ce ba komai Majo, ya wuce, bai ko bari na ƙarasa ba, wannan ma ya fi zagi ciwo. Na tsaga ƙafar na nuna masa yadda jijiya ke kwance, na yanke ta ya ga yadda take janyewa, na ɗora hannuna a kan nasa kamar yadda aka yi mini. Mun fara bayan azahar. Malam Edita, kafin a kira la'asar Soja ya iya. Ya yi sau biyar a jere ba kuskure, ƙullinsa ma ya fi nawa kyau. Abin da na yi shekara biyu ina gadi, na ce sai an haddace sunaye da Faransanci, tsakanin salla biyu ya shiga hannunsa. Da ya ƙulla na biyar ya ajiye pens ya dubi ƙafar akuyar, ya ce a hankali, ashe nan take. Ya fita ya yi alwala, ni kuma na zauna na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifina.

Bayan wata biyu mahaucin ya dawo gari. Ya rame, hannun rigarsa na hagu a naɗe an soke da allura. Ina zaune a barandar asibiti na hango shi tafe, na rasa inda zan sa kaina. Ya yi sallama ya durƙusa, na ce ya tashi ya ƙi. Na ɗauka ƙorafi ya kawo, ashe gaisuwa ce. Ya ce ya ji an ce na damu ƙwarai, har na rame, shi ya sa ya zo ya ba ni haƙuri, kada in sa wa raina, aikin gwamnati ne ya fitar da ni ba yawo ba. Ya ce Soja ya yi iyakar ƙoƙarinsa, Allah ya saka masa, amma kowa da matsayinsa. Sannan ya ɗaga guntun hannun ya ce: “Da kana gari, Majo, da hannuna na nan. Duk ƙasar nan kowa ya san ba mai iya wannan sai kai.” Maganar da na yi shekaru ina so in ji ke nan, ita na yi wa aiki, ita na aika mutum wajen murhu dominta. Ga ta an kawo mini har gida, daga bakin wanda ya biya kuɗinta da hannunsa. Na buɗe baki in gaya masa gaskiya. Abin da ya fito shi ne, Allah ya ƙara haƙuri.

Fawa ba ta yiwuwa da hannu ɗaya. Ya koma zama a gefen rumfar ƙanensa yana kore ƙuda yana kiran masu saye, mutumin da a da shi ke kayar da sa. Babban ɗansa ya bar karatun allo ya kama wuƙa tun bai isa ba. Na yi shekara goma sha ɗaya a garin bayan haka, kowace ranar kasuwa sai na wuce ta gabansa, kowace rana sai ya ɗaga mini hannun dama da fara'a. Sau da yawa na ƙudura yau zan faɗa masa, in na iso sai in tambayi lafiyar iyali in wuce. Na riƙa gaya wa kaina cewa faɗin zai tayar masa da hankali ne kawai. Ƙarya nake yi, girmana nake tsoron ya zube. Ina wani gari da aka mayar da ni labarin rasuwarsa ya same ni. Soja kuwa ya zama majo a bayana, kuma na ji an ce duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa, har mai shara, sai da ya koya masa tsayar da jini.

Na koyar da mutane da yawa daga baya, ban sake juya wa kowa baya ba, amma kada wani ya ɗauka wannan ya biya. Bai biya ba. Abin da na fahimta, a makare, shi ne rowar sani ba ta kama da sauran rowa. Mai hana hatsi ya san wanda ya hana, yana ganin fuskarsa. Ni Soja na yi niyyar tauyewa, Soja kuwa ya rayu da hannuwansa biyu har tsufa. Wanda abin ya faɗa wa mutum ne da bai taɓa yi mini komai ba sai alheri, bai ma san ana wata gasa ba.

Saboda haka ina roƙon manyan likitocinmu na yau, masu fiɗa da masu koyarwa a manyan makarantu, da duk wanda aka ba mutane a ƙarƙashinsa, ko maƙeri ne ko ungozoma. Na san yadda abin yake, ba ya zuwa da sunan mugunta. Zuwa yake da sunan bai isa ba tukuna, da sunan ni ma na sha wuya kafin in samu, da sunan gobe. In ka ga na ƙasa da kai yana da hannu har gabanka ya faɗi, to shi ne ya fi cancanta ka jawo kusa. Ku kuma masu koyo, ladabi yana da kyau, amma in an hana ku abin da ran mutane ya rataya a kai, ku sake tambaya, ku kai maganar gaba, kada ku rufa wa irina asiri. Kowane shugaba ya zauna ya lissafa abin da shi kaɗai ya iya a wurin aikinsa, kada ya yi alfahari da shi, ya ji tsoronsa, ya koyar da shi a satin nan. Ni na samu gafarar Soja tun yana raye. Ta mahaucin ban nema ba sa'ad da yake iya ba ni, yanzu kuma sai mun haɗu a gaban Wanda ya san inda na tsayar da mataimakina.